Tsarin Mulki a Ƙafar Gwaggo Zilpha

A cikin duk waɗanda suka halarci haihuwar Jamhuriyar Tamarack, mutum ɗaya ce ba ta sa hannu a takarda ba, kuma ita kaɗai ce ta san abin da ke cikin takardar. Sunanta Zilpha Stebbins. Maza goma sha tara da suka sa hannu, har yau jikokinsu na kiran sunayensu suna kumbura ƙirji, sai ka ce kakannin nan duniya suka yaƙa. Abin da suka yaƙa tukunyar wake ce, kuma gaskiya sun yi galaba a kanta kwana uku a jere.

An haifi Zilpha can kudu a garin majema, ita ce ta bakwai cikin 'ya'ya mata tara, abin da ya sa ubanta ya ƙaurace wa coci na wata shida don Ubangiji ya san an ɓata masa rai. Ba ta taɓa shiga aji ba. Tana da shekara ashirin da huɗu Enos Stebbins ya je sayen fata, ya dawo da fata da mata. Suka hauro arewa zuwa wannan kwari namu da shanu biyu, da tukunyar ƙarfe ɗaya, da ƙanen Enos mai suna Asahel, wanda babu wanda ya tuna ya gayyace shi.

Ta haifi uku, ta binne uku a bayan gida, babu wanda ya kai shekara biyar. Ba ta cika maganarsu ba. Abin da ya rayu a hannunta itatuwan sukari ne, guda ɗari uku da 'yan kai, a kan gangaren da ke bayan gidan. Duk watan Maris, idan ƙanƙara ta fara sakin jiki, ita da Enos su huda su, su rataya bokitai, su kwashe ruwan zuwa rumfa su yi ta dafawa har ya zama sukari. Shekara talatin suna haka. Ta san wanda ke da rowa a cikinsu, ta san mai kyauta, ta san wanda sai an lallashe shi kamar miji.

Sai kuma saƙa. Zilpha ba ta zama hannu rabbana. Ko a coci tsinkayenta na aiki a ƙarƙashin mayafi, kuma duk abin da kunnenta ya ji yayin da hannunta ke saƙa, to ya shiga ulun nan ya zauna. In ta shafa layin da yatsa sai maganar ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya, har da tarin mai maganar. Akwai ranar da ta tare fasto a bakin ƙofa ta miƙa masa wata tsohuwar safar hannu, ta ce ga wa'azinsa na yau nan, shekara shida ke nan da ta saƙa shi, ko yana so ta ba shi na mako mai zuwa ma ya huta. Tun daga ranar mutane suka koyi rage murya in sun ji ƙarar tsinkayenta.

Enos ya mutu a watan Nuwamba, ciwon ƙirji. Ba a gama rufe kabarin ba Asahel ya fara zagaya gangaren yana ɗaga kai yana duban itatuwa. Shi ba sukari yake gani ba. Itace yake gani da za a sare a ƙone, a dafa tokar, a kai kanwa kasuwa. Abu ɗaya ya tsare shi: babu wanda ya san dokar wace ƙasa ce ke aiki a kwarin, balle ya san wace kotu zai kai ƙara.

Laifin manya ne. Waɗanda suka raba Amurka da Kanada sun rubuta cewa iyaka ta bi kan kogin nan namu, kuma sun rubuta haka ne a kan tebur a wani birni na ƙetare, bayan sun ci sun ƙoshi, ba wanda ya taɓa jiƙa takalminsa a kogin. Da sun zo da sun ga kai uku gare shi. Saboda haka mai karɓar harajin kudu ya zo ya ce mu nasu ne, na arewa ya zo ya ce mu na Sarkin Ingila ne, kowa kuma ba ya komawa hannu wofi. An yi shekaru ana haƙuri, don shanun talakawa ake kora. Ranar da na kudu ya tafi da saniyar Kyaftin Jabez Thurlow, bayan mako biyu na arewa ya zo ya tafi da ɗan maraƙinta, ranar aka gano cewa ɗan Adam an haife shi ne da 'yanci.

Kyaftin ɗin nan ya samu sunansa ne daga tsayar da samari a layi sau ɗaya a shekara. Bai taɓa jin ƙarar bindigar da ke nufinsa ba. Shi ya kira taro, kowace unguwa ta aiko wakili, suka tashi goma sha tara. Murhun makaranta ya fashe, fasto ya hana coci saboda ya san da barasa za a zo, watan kuwa Maris ne, kuma wuri ɗaya tak a duk kwarin ke da faɗi da wuta mai ci daga safe zuwa yamma: rumfar sukarin Zilpha. Ba a tambaye ta ba. An dai sanar da ita, aka kuma ƙara da cewa wakilai na son wake da naman alade da burodin masara.

Kyaftin ya buɗe zama da doka ta farko, cewa mace ba ta magana a majalisa. Zilpha ta ce to, ta gyara wuta, ta zauna a kan kututture kusa da tukunya, ta ɗora sabuwar safa a tsinke. Ulu kala uku gare ta, fari da baƙi da ruwan toka, yadda tumakin suka zo da shi daga wurin Mahaliccinsu.

Ayyana 'yancin kai bai ci minti goma sha biyar ba. Aka miƙe, aka ɗaga huluna, aka ce daga yau ba mu san Amurka ba, ba mu san Sarki ba, kuma ba a aika wa ko ɗayansu labari ba don kada su ji. Sunan ƙasa da kalar tuta ne suka kai su la'asar. Daga nan Malam Lemuel Crane, malamin makaranta, mutum siriri mai yawan neman gafara, wanda aka naɗa magatakarda, ya shimfiɗa takarda ya fito da kwalbar tawadarsa baƙa. Asahel ya ɗauki kwalbar ya juya ta, sai ga hoton kambin Sarki a jiki. Ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo, ya ce 'yantacciyar ƙasa ba za ta rubuta tsarin mulkinta da tawadar azzalumai ba, ya fita ya tuttular da ita a kan ƙanƙara. Aka yi tafi. Wani ya ce akwai wata kwalbar a gidansa, sai aka tuna daga kudu aka sayo ta. Ƙasa ta wayi gari da 'yanci, ba ta da abin rubuta shi.

Idon Kyaftin ya faɗa kan wani kasko a gefe, cike da jan ruwa. Jajayen 'ya'yan daji ne da Zilpha ta busar tun kaka, ta jiƙa don rina zare. Ya tsoma yatsa ya ɗaga, ja wur, ya ce ga tawadar ƙasa, daga dajin ƙasa, kuma jikoki za su ce da jini aka rubuta.

"Kyaftin," in ji Zilpha, ba ta ɗaga kai daga saƙa ba, "wannan ruwan ba a kama shi ba tukuna. In ba a dafa shi da gishiri da ruwan tsami ba, rana na ganinsa zai gudu."

"Gwaggo, mun yi doka."

"Na ji dokar. Rinin ne bai ji ba."

"Malam Lemuel, kada ka rubuta wannan. Ba a yi magana ba."

Malam Lemuel bai rubuta ba. Ya tsoma alƙalami a jan ruwa ya fara da shimfiɗa, wadda shi ya tsara ta da kansa, shafi guda cur a kan 'yanci da zuriya da hasken alfijir. Zilpha ba ta saƙa wannan ba, ta tashi ta juya wake. Ta ce daga baya ta laluba ba ta sami abin kamawa a ciki ba.

Amma da aka shiga sassan doka sai tsinkaye suka kama aiki. Kowane sashe layinsa daban, in an gama ɗaya ta canza kalar ulu. Ta fara daga gwiwa tana gangarowa. Aka yi sashen shugaba, aka ba Kyaftin. Aka yi sashen rundunar yaƙi mai mutum arba'in da ɗaya, aka ba Asahel, shi da ya kawo gangar barasa. Aka yi na dabbobi masu ɓarna, da na gada, da na wanda zai riƙe makullin gidan yari in an gina shi. Yammacin kwana na biyu ƙafar hagu ta ƙare da sashe goma sha ɗaya, ta ɗora ta dama.

A kwana na uku, tana daidai juya dunduniya, Asahel ya miƙe ya gyara murya. Ya ce ƙasa jaririya tana bukatar hannun maza a kan gonakinta. Don haka yana kawo shawara: duk mutumin da ya mutu bai bar ɗa ba, bayan shekara guda cif filinsa da itatuwansa su koma hannun ɗan'uwansa namiji, matar kuma a ba ta ɗaki ɗaya da abin sawa a baki har ta mutu. Ya ce ba da kowa yake ba, doka ce ta kowa da kowa.

A duk faɗin jamhuriyar mace ɗaya ce mijinta ya mutu ba ɗa, kuma tana zaune taku uku daga inda yake tsaye, wakenta na cikinsa. Wakilai suka shiga nazarin takalmansu kamar yau suka fara ganinsu. Amma gangar Asahel ba ta ƙare ba, kowa kuma na son a tashi a koma ga nasa itatuwan da ke ta ɗiga a ƙasa. Hannu goma sha biyu suka tashi. Kyaftin ya ɗaga nasa da cokalinta a ciki.

Zilpha ta ɗauko baƙin ulu ta saƙa sashe na goma sha tara a dunduniya, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Da ta gama ta tashi ta zuba musu ƙari. Ba ta sa wa kowa guba ba, abin da ya isa a rubuta a kan kabarinta.

Aka rufe da sashe na ashirin da biyu, aka sa hannu da jan ruwa, aka harba bindiga sama har ƙanƙara ta zubo daga rufi a kan shugaban ƙasa. Kyaftin ya ba da umarni a manna takardar a tagar makaranta, wadda ke fuskantar kudu, don al'ummomin duniya su gani. Al'ummomin duniya ba su zo ba. Rana ce ta zo, kullum, ba fashi.

A watan Yuli aladen wani ya shiga gonar dankalin wani, aka kai maganar gaban Kyaftin, Kyaftin ya ce a ɗauko tsarin mulki. Malam Lemuel ya je taga ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, takarda ce a hannunsa mai kalar shayin marowaci, babu komai a kanta sai kashin ƙuda. 'Yanci ya tafi, zuriya ta tafi, sa hannun jarumai goma sha tara ya bi su.

Aka ce ai ba komai, waɗanda suka yi dokar suna raye. Sai mai alade ya tuna sarai cewa an ce mai gona ne zai yi shinge. Mai gona ya tuna sarai cewa an ce a yanka aladen a ba shi cinya. Kyaftin ya tuna an ce shugaba ne ke cin cinyar. Malam Lemuel ya iya shimfiɗarsa da ka daga farko har ƙarshe, amma babu alade a cikinta. Ana shirin kai wa juna hannu ne wata mata daga bayan aji ta ce, kafin a hana ta magana, ai Gwaggo Zilpha na saƙa a wurin.

Aka aika mata. Ta zo ba gaggawa, ta zauna, ta kwance takalmin hagu, ta ɗora ƙafa a kan bencin 'yan makaranta. Mace ce mai sanyin ƙafa, rani da sanyi da safar ulu take. Ta bi layuka da yatsa daga gwiwa, ta tsaya a tsakiyar ƙwauri.

"Sashe na bakwai. Dabbar da ta yi ɓarna, mai ita zai gyara ɓarnar da hannunsa, ya kuma sa mata ƙarfe a hanci. Nan ne Kyaftin ya yi gyatsa ya ce a ƙara da awaki. Kai kuma mai alade ka ce ka yarda, don a lokacin ba ka da alade."

Dariya ta ɓarke a ajin. Kowa ya tuna gyatsar. Aka gwada ta da wasu sassan, ta kawo su daidai, da wanda ya kawo shawara, da wanda ya yi barci. Abin da ya sa aka gaskata ta shi ne ba ta rage wa kowa ba. Kyaftin ya yi shawara da kansa ya yanke cewa wannan ba magana ba ce a majalisa, karatu ne, don haka doka ba ta karye ba.

Haka jamhuriya ta koma ƙafar Zilpha. In rigimar gada ce a kwance takalmin hagu, in ta aure ce ko gado a kwance na dama. Ranar Litinin ba a shari'a a ƙasar, saboda tsarin mulki na kan igiya yana bushewa.

Nuwamba na matsowa, Asahel ya fara hawa gangaren da gatari yana yi wa itatuwa alama, sara ɗaya ɗaya a ɓawo, na farkon faɗuwa da na biye. Zilpha kan bi bayansa da safe ta shafa laka a kan saran. Amma tuwon masararta ya fara dawowa tukunya ba a ci ba, kuma maƙwabta sun lura ta daina tsokanar fasto. Ɗaki ɗaya a gidan Asahel, tana jin ƙarar gatari daga taga, tana shaƙar hayaƙin itatuwan da Enos ya huda da hannunsa: wannan ne ke jiran ta, kuma da bakinta za ta karanto shi.

Ana saura kwana biyu Malam Lemuel ya same ta tana faskare a tsakar gida. Ya cire hula, ya nemi gafara sau uku, sannan ya ce shi dai yana ganin shekaru sun ja, in mutum ya manta layi ɗaya a cikin ashirin da biyu ba wanda zai zarge shi. Ya ce cikin goma sha biyun nan ma akwai waɗanda za su ji daɗi in an manta.

"Malam, kai da ke koya wa yara gaskiya?"

"Gwaggo, ni ban ɗaga hannu ba ranar."

"Na sani. Ba ka ɗaga ba, ba ka kuma buɗe baki ba, duk suna nan a dunduniya." Ta ɗora wani itacen a kan kututture. "In na yi ƙarya sau ɗaya, safar nan ta zama safa. Mai alade ma sai ya dawo. Je ka gida, ka zo da takardarka jibi."

Ranar shari'a makaranta ta cika har taga. Asahel ya zo da sabuwar hula mai gashin tsuntsu, irin ta kwamandoji. Ya ce a karanta sashe na goma sha tara, in matar yayansa ba ta manta ba. Ya faɗi haka yana murmushi, don ya shirya shaidu huɗu da za su ƙaryata ta.

Zilpha ta kwance takalmin dama, ta kama dunduniya, ta karanto shi tas, da filin, da itatuwan, da ɗaki ɗaya, da abin sawa a baki. Har ta ƙara da cewa mai shawarar ya ce ba da kowa yake ba. Shaidu huɗu suka rasa aikin yi. Mata a bayan aji suka fara share ido. Kyaftin ya yi tari, ya ce to, doka ta yi magana, ba yadda za a yi.

"Rabinta ne ya yi magana," in ji Zilpha. "Da ƙafa ɗaya kake tafiya, Kyaftin?"

Ta kwance na hagu, ta ɗora kusa da ɗan'uwansa, ta sa yatsa ƙasa da gwiwa kaɗan.

"Sashe na huɗu. Naka ne, ranar kana kukan saniyarka. Ba za a ɗauki komai daga gidan kowa ba, saniya ce, fili ne, ko da cokali ne, sai an je ƙofar gidan da rana tsaka an karanta dokar daga takardar tsarin mulki, mai karatu na bin layi da yatsa, mutanen gida na gani. Ka ce mun gaji da masu zuwa da doka a baki. Ka buga tebur har wake ya zube."

Kyaftin ya tuna. Wannan ne sashen da ya fi alfahari da shi a duniya, ba zai iya musunsa ba ko da an ɗora masa wuƙa.

Asahel ya ce wannan ai mai sauƙi ne. A kawo sabuwar takarda, ita ta faɗa, Malam ya rubuta, a je ƙofarta a karanta. Yana da tawada baƙa a gida.

"Ta wace ƙasa, ƙanena?" Ta motsa babban yatsan ƙafar dama a cikin safa. "Bari wannan. Ga na ƙarshe nan a kan yatsa, ashirin da biyu, kuma naka ne. Ka ce 'yan Kanada sun iya jabu. Babu takardar da za a kira tsarin mulki sai wadda ku goma sha tara kuka sa wa hannu, ba kwafi, ba sabuwa. Ɗayanku mun binne shi a watan Agusta. Biyu sun yi yamma neman ƙasa mai arha. In za ka tara su, fara da na Agusta, shi ya fi kusa."

Duk da haka Asahel bai haƙura ba. Ya ja Kyaftin da Malam da rabin ƙasar zuwa ƙofar gidanta da rana tsaka, ya danƙa wa Malam Lemuel tsohuwar takardar ya ce ya karanta. Zilpha ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Malam ya ɗaga takardar ya duba ta a rana, ya juya ta, ya goge tabarau, ya sa yatsa a kan wani ɗigo.

"A gafarce ni," ya ce. "Wannan na ƙuda ne."

A shekara talatin na koyarwa, wannan ne karatunsa da ya fi amfani.

An yi yunƙurin kiran sabon taro a sake tsarin mulki daga tushe. Amma zuwa lokacin rabin wakilan sun fara kallon kudu, rabi na kallon arewa, ba sa zama benci ɗaya ko a jana'iza. Ga shi kuma mai rumfa ta ce rumfa ta cika da itace, wake kuma bai yi kyau bana ba. Laka ta bushe a kan saran gatari, ɓawo ya rufe. Maris ya zo, ta huda itatuwanta, har da waɗanda aka yi wa alamar farkon faɗuwa.

Jamhuriya ta yi shekara uku. A Maris na huɗu sojoji hamsin suka hauro daga kudu da ganga da wani hafsa mai mura. Rundunarmu ta mutum arba'in da ɗaya ta tuna cewa lokacin sukari ne, kowa ya shige dajinsa da bokiti. Hafsan ya ce shi shugabannin tawaye yake nema. Suna ɗaya ne a aljihunsa, domin mutum ɗaya ne ya yi ta aika wa gwamnan kudu wasiƙun barazana, da baƙar tawadar Kanada mai kyau wadda ba ta gudu, yana sa hannu a matsayin Babban Kwamandan Askarawan Tamarack.

Da hantsi Zilpha na cikin rumfa tana kwashe kumfa daga tukunya, sai ga Babban Kwamanda ya faɗo, ba hula, takalmi ɗaya ya yage, ƙafafu sun jiƙe sun yi shuɗi. Hanyar Kanada ta cikin itatuwanta ta bi, tafiyar yini guda a cikin ƙanƙara. Ya tsaya yana haki, ya kasa haɗa ido da ita.

Ta nuna masa kututture. Ta zuba masa wake. Yana ci ta zauna ta kwance takalmanta, ta zare safar nan biyu ta miƙa masa.

"Yaya Zilpha, wannan ai…"

"Sa. Ƙanen Enos ba zai rasa yatsu a gangarena ba. Ka tafi da ƙasarka gaba ɗaya, ka ga ba wanda zai ce ka gudu ka bar ta."

Ya sa ta hagu. Da ya ja ta dama sai dunduniyarsa ta leƙo waje ta wata ƙatuwar huda.

"Sashenka ne," ta ce. "Shi ya fara cinyewa. Na yi ta niyyar ɗinkewa, aiki ya yi mini yawa."

Da azahar hafsan ya iso rumfar, da Kyaftin a gefensa, wanda tun safe ya koma Jabez kawai, manomi, mai ciwon baya. An riga an nuna wa hafsan takardar taga, ya juya ta gaba da baya bai sami wanda zai kama ba. Amma wani ya tsegunta masa cewa akwai tsohuwar da ta san komai. Ya tambaye ta sunayen waɗanda suka sa hannu. Jabez ya yi fari kamar madara. A bayan rumfa, cikin itatuwa, akwai wasu jarumai da suka laɓe suna kasa kunne.

Zilpha ta dube su, ta dubi ƙafafunta tsirara a cikin takalmi, ta ci gaba da juya tukunya.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya karatu ba. Kuma a ƙasar nan mace ba ta magana a majalisa. Tambayi wannan bawan Allah, shi ya san dokar."

Hafsan ya sha sukari mai zafi a kan ƙanƙara, ya ce murarsa ta yi sauƙi, ya tafi da sojojinsa. Da ma'aikatan kudu suka zo rubuta filaye, suka nemi magajin Enos Stebbins, aka ce yana Kanada, kuma akwai takardar kamu na jiran sa a bakin iyaka. Bai zo ba. Sau ɗaya ya aiko da saƙo ta bakin wani mai fataucin fata, wai sanyin can ya fi na nan, ko za a samu wata safar.

Ta saƙa ta aika masa, fara fat, ba layi ko ɗaya.

Shekara goma sha bakwai ta ƙara tana huda itatuwanta. Ta mutu a ƙarshen wani Maris, bayan an sauke tukunyar ƙarshe, aka binne ta a bayan gida kusa da mutum huɗunta. Gangaren ta bar wa 'yar Malam Lemuel, da sharaɗin gatari ba zai hau shi ba, kuma an rubuta sharaɗin da tawadar da ta sa aka dafa a gabanta da gishiri da ruwan tsami.

Takardar tana nan a makaranta, an sa ta a gilashi. Duk shekara jikokin goma sha taran nan sukan taru a gabanta su cire huluna, kowa ya nuna wa 'ya'yansa daidai inda kakansa ya sa hannu.